Nasiha ga Ɗana Malami a Japan

Ɗana, wasiƙarka ta iso, na kuma ga abin da ya tsaya maka a rai: hotunan mawaƙa manne a cikin akwatin fensir, bajoji rataye a jikin jakunkuna, ga yarinyar da ta zo aji idanu a kumbure don tauraronta ya ce zai bar ƙungiya. Ka ce abin ya kusa zama bauta, kana so ka yi musu faɗa. Ni ma na riƙe alli a Japan kafin kai, kuma roƙona shi ne ka dakata tukuna.

Fara da sanin yadda aka gina kasuwar. A 2005 Yasushi Akimoto ya kafa ƙungiyar AKB48, da ɗan ƙaramin dandalinta a unguwar Akihabara ta Tokyo. Ba gwanayen waƙa ya tara ba. 'Yan mata ya tara irin na ajinka, masu kuskure a rawa, masu kuka in sun gaza, domin mai kallo ya ga girmansu a kan idonsa har ya ji da hannunsa a ciki. Kusanci ake sayarwa, waƙa rakiya ce. A cikin faifai ake saka takardar musabaha: ka bi dogon layi, ka riƙe hannun yarinyar na 'yan daƙiƙoƙi, ka faɗi kalma biyu, ma'aikaci ya matsar da kai gaba. Daga 2009 zuwa 2018 har zaɓe ake yi tsakanin 'yan matan duk shekara, ƙuri'ar ma a cikin faifai take, sai mutum ɗaya ya sayi faifai iri ɗaya tuli guda don tasa ta hau sama. Manya ne suka zauna suka tsara wannan. In akwai mai laifin koya wa yaro auna ƙauna da kuɗi, su ne.

Sai ka dubi yinin ɗalibinka. Ya fito tun da safe, bayan tashi ya zarce ƙungiyar wasanni ko ta kiɗa har yamma, daga nan da yawansu sai makarantar ƙarin darasi da dare, ga jarrabawar shiga makarantar gaba tana jiransu. Yaro a cikin wannan matsi ya ga wani matashi a talabijin yana zufa, yana faɗuwa yana tashi, yana cewa zai ƙara ƙoƙari, dole zuciyarsa ta karkata. Na ga ɗalibar da ba ta ɗaga kai a aji, muryarta ko na kusa da ita ba ya ji. Ranar da aka ce kowa ya gabatar da wanda yake so da Turanci, ita ta cika shafi biyu, ta duba ƙamus da kanta, ta tsaya gaban allo hannunta na rawa ta karanta har ƙarshe. Ƙaunar nan ta gaske ce, ɗana, kuma ƙofa ce a gare ka. In ka kushe tauraron a gaban aji, ba kamfanin za su ƙi ba, kai za su ƙi. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Ban ce ka rufe ido ba, don akwai abin da ya kamata ya dame ka. A Janairun 2013 Minami Minegishi ta AKB48, tana da shekara 20, ta aske kanta ƙwal, ta fito a YouTube tana kuka tana neman gafara, saboda wata mujalla ta fallasa cewa ta kwana gidan saurayi, alhali ana hana su soyayya. Kai da ni muna da namu ra'ayin kan tarbiyya, amma wannan hanin ba don tarbiyya aka yi shi ba. An yi shi ne don kada mai sayen faifai ya ji wani ya riga shi. Wannan darasin nake tsoron 'yan matanka su haddace, cewa wanda ya kashe kuɗi a kanka ya mallake ka. Ta ɓangaren samari abin ya fi muni. Johnny Kitagawa, wanda kamfaninsa ya fito da SMAP da Arashi, ya rasu a 2019 ana girmama shi. A 2023 kamfanin ya amsa cewa Kitagawa ya yi shekaru yana lalata da yaran da aka ba shi amana, ɗaruruwa suka fito suka yi magana, har aka sauya wa kamfanin suna. Duk yaron da ka ji yana mafarkin shiga wannan sana'a, ka saurare shi da kyau, ka tabbata iyayensa sun san inda yake zuwa da wanda yake gani.

A aji kuwa abin lura kaɗan ne: mai gyangyaɗi kullum, mai barin abincin rana don tara kuɗin tikiti, mai janyewa daga ƙawaye. In ka ga haka, kada ka yi gaban kanka. Kai baƙo ne, kuma a makarantunsu malamin aji shi ya san gidan kowane yaro. Ka same shi a keɓe.

Tauraron bai san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, kai kuwa ka sani. Ka riƙa kiransu da shi, ka lura da ranar da rubutun wani ya gyaru, ka faɗa masa.

Akwai littafin Rin Usami da ya ci kyautar Akutagawa a 2021, labarin wata 'yar sakandare da rayuwarta kaf ta rataya a kan tauraronta. An fassara shi zuwa Turanci a 2022, kuma ba shi da tsawo. Ka neme shi ka karanta kafin ka yanke wa yaran nan hukunci. Mamanka tana gaishe ka. Allah ya ba ka haƙurin zama da 'ya'yan mutane.