Ɗan A-Mutu

Jikana, jiya na jiyo ka a zaure kana rantse wa abokanka cewa kai ɗan a-mutun Arsenal ne. Ban tanka ba, gudun kada in ba ka kunya a gaban baƙi. Yanzu da muke mu biyu, matso kusa.

Ka juya kalmar a bakinka a hankali. A mutu. Wato a tsaya kan abu har rai ya yi halinsa. 'Yar'uwarta ce mutu-ka-raba da ake faɗa wa aure, irin wanda muka yi da kakarka, Allah ya jiƙanta.

A zamaninmu mutum ba ya raɗa wa kansa wannan suna. Jama'a ke ba shi, bayan sun ga abin da ya sha. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, shigarta ba riba sai wuya: ɗan doka ya kama ka, alƙalin En'e ya ɗaure ka, wani lokaci har da bulala. Hajiya Gambo Sawaba, 'yar NEPU, sau 16 ana ɗaure ta, ba ta canza baki ba.

Akwai wani tela a unguwarmu da ya manna tauraron NEPU a jikin keken ɗinkinsa. Masu hannu da shuni suka janye ɗinkinsu, mai rumfa ya tashe shi, aka kuma ɗaure shi. Ya fito daga gidan yari kai a aske, ƙafa a kumbure. Kafin ya nemi magani sai da ya nemo wani tauraron. Da jam'iyyar PRP ta zo a 1978 ya ƙara alamarta, mabuɗi, kusa da tauraron. Da ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, ya zauna tare da jagoranta, Malam Aminu. Ranar 17 ga Afrilu 1983 da Malam ya rasu, na iske shi gaban keken, zare a hannu, ya kasa zura allura. Ko sau ɗaya ban ji ya kira kansa ɗan a-mutu ba.

Ba ƙwallo nake hana ka ba. Ni ma na sha rana saboda Raccah Rovers. Abin da ke damuna shi ne samarin da ke rantsuwa sun mutu kan ɗan takara, zaɓe na wucewa su sake hula. Idan watarana kalmar ta sake zuwa bakinka, ɗan dakata ka tambayi kanka: in an hana ni ɗinki saboda wannan abu, zan sake neman tauraro?

Tashi ka miƙo min buta, la'asar ta gabato.