Hunturu Ya Shigo: Jan Kunne Kan Gobara Ga Mazauna Sababbin Unguwanni

Duk shekara, da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a watan Nuwamba, sai ka ji jami'an hukumar kashe gobara ta Jihar Kano a gidajen rediyo suna jan kunne, masu unguwanni su sa a yi shela, limamai su ambata a huɗuba. Duk shekara kuma, kafin sanyin ya wuce a Fabrairu, sai an yi jana'izar waɗanda wuta ta ci a cikin ɗakunansu. Wannan takarda an yi ta ne domin mazauna unguwannin da suka tsiro a bayan gari, irin su Rijiyar Zaki, Ɗanbare, Ɗorayi, Gaida, Sheka, Mariri, Rimin Kebe da Bachirawa, inda gidaje ke ƙaruwa kullum amma hanya da ruwa ba su bi su ba. Akwai 'yan sanarwa kan tsabta da tsaro, za su zo daga baya. Maganar wuta ce gaba.

A wannan lokaci komai ya bushe. Katakon rufi ya bushe, katifa da labule sun bushe, karan dawa da aka jingine a bayan katanga ya zama abincin wuta. Iska kuma ba ta hutawa, tana ɗaukar tartsatsi daga wannan gida ta sauke a wancan. Ga sanyi yana tura mutane wajen wuta: mai ɗumama ruwan wanka, mai jin ɗumi, mai shayi da asuba. Wanda bai yarda wuta na da sauri ba, ya tambayi 'yan kasuwar Sabon Gari abin da suka gani a watan Maris na 2016, lokacin da dubban shaguna suka zama toka cikin dare ɗaya.

Ba ma'aikatan gwamnati ne suka fara wannan gargaɗi ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, da labari ya kai ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya bayyana wuta a matsayin maƙiyiya, ya yi umarni a riƙa kashe ta idan za a kwanta. A wata ruwayar har ya ambaci ɓera da ke jan lagwanin fitila ya ƙona mutanen gida. To, idan an ja kunne kan 'yar fitilar mai, ina ga gidan da ke da tukunyar gas a kicin, jarkar fetur a zaure, da wayoyin lantarki a cikin silin?

Wuta a gida tamkar kura ce a hannun gardi. Da ita yake ci, da ita yake sha, yana yawo da ita kasuwa-kasuwa, yara na bin sa suna tafi. Ya san lokacin da take jin yunwa, ya san lokacin da ta ƙoshi, har yakan shafa mata wuya a gaban jama'a. Amma gardin da ya san sana'arsa ba ya kwance takunkumi don an yi shekaru tare, ba ya sakin sarƙa don yau ta yi lamo, ba ya kuma barin ta da ƙaramin yaro ya ce bari in je in dawo. Ya san cewa sabo bai sauya mata hali ba. Ranar da ya yi sake, ba za ta tuna naman da ya saya mata jiya ba, kuma ba a kansa kaɗai za ta tsaya ba, har maƙwabcin da bai taɓa cin kobo na wasan ba sai ta taɓa shi. Mu dai mun saba da kurar har mun daina duba takunkumin.

A fara da hita, domin ita ce ta fi kowa laifi a bakin 'yan kwana-kwana. Ga yadda abin ke faruwa. Uwargida ta tsoma hita a bokitin roba, ta kunna, ko minti biyar ba a yi ba aka ɗauke wuta. Ta yi tsaki, ta ɗora ruwan a murhu, aka yi wanka, aka shirya yara, ta yafa mayafi ta tafi barka, ta danna kwaɗo. Soket yana nan a kunne. Da azahar aka kawo wuta, yaran layi suka yi ihun murna, ba wanda ya san me ke tafasa a bayan ƙofar nan. Ruwan ya ƙafe, ƙarfen ya yi ja, robar ta narke ta ɗiga a kan leda, leda ta kai wa labule, labule ya miƙa wa silin. Kafin maƙwabta su ga hayaƙi, ɗaki ya gama. Haka dutsen guga yake yi, haka risho na lantarki. Maganin bai kai kuɗin ashana ba: idan an ɗauke wuta, a bi soket ɗaya bayan ɗaya a kashe, a zare abin da ke jiki, kafin a fita ko a kwanta. Maigida, wannan aikinka ne kafin ya zama na kowa. Kai da kake zagayawa ka duba ko an kulle ƙofa saboda ɓarawo, me zai hana ka duba bango?

Sannan wayarin. Da yawa daga gidajen sababbin unguwanni an ja musu waya ne da araha, siririyar waya, a hannun yaron da bai gama koyon aiki ba. Daga baya aka sayo firji, aka ƙara injin jan ruwa, aka jona hita, duk a kan wayar da aka sa don ƙwan fitila da fanka. Waya idan aka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta zafi take yi, rigarta ta narke a cikin silin inda ido ba ya gani. Idan fis ya ƙone kuma, maimakon a sayi sabo, sai a naɗa masa waya mai kauri, alhali an yi shi ne don ya tsinke ya ceci gidan. Duk soket ɗin da ya yi baƙi, ko yake ƙauri, ko yake ƙara idan an jona abu, a kira ƙwararre tun yau.

Gas ya shiga gidaje da yawa yanzu, amma saninsa bai shiga tare da shi ba. Iskar gas ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka idan ta zubo ba ta tashi sama, ƙasa take kwanciya ta taru. Warin da kuke ji da gangan aka zuba mata shi domin hanci ya gane. Idan kin shiga kicin kin ji warin, uwargida, kada ki ƙyasta ashana, kada ki taɓa makunnin fitila, ko kunnawa ko kashewa, domin ɗan tartsatsin cikinsa ya isa. Rufe kan tukunyar, buɗe ƙofa da taga, fitar da yara. Mai son gwada tiyo ya shafa masa ruwan sabulu, inda ya yi kumfa nan ne ɓular. Tukunyar da ta yi tsatsa a gindi a rabu da ita.

Fetur kuwa, tun da aka cire tallafi a watan Mayu na 2023 ya yi tsada, sai mutane suka mai da shi kayan ajiya. Galan a ƙarƙashin gado, jarka a bayan ƙofa, ɗan bumburutu ya kwana da hajarsa a ɗakin da matarsa ke kunna maganin sauro. Wannan ganganci ne, ba shi da wani suna. Tururin fetur yana tafiya ya iske wuta a inda take, ba sai an kai masa ita ba. Mutanen Majiya a ƙaramar hukumar Taura ta Jihar Jigawa sun ga haka a watan Oktoba na 2024, sa'ad da tankar mai ta faɗi, jama'a suka taru ɗiba, fiye da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Kada kuma a zuba wa janareta mai yana aiki ko yana da zafi, kada a haska tankinsa da kyandir.

Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa ko bai kama komai ba. Yana fitar da wata iska marar launi marar wari, mai sa barci mai nauyi, a wayi gari a ɓalle ƙofa a tarar da iyali a kwance. Hayaƙin janareta ma haka, don haka wurinsa waje ne, nesa da taga. Malaman tsangaya da maƙwabtansu su sa ido kan wutar da almajirai ke hurawa da dare. A Ƙauran Namoda, cikin Fabrairu na 2025, yara almajirai 17 gobara ta kashe a makarantarsu. Amana ce iyayensu suka bayar.

Akwai wani laifin da na unguwa ne gaba ɗaya. A wuraren awon igiya, kowa ya ci hanya: wannan ya fito da dakali, wancan ya haƙa masai a waje, wani ya jibge yashi da bulo shekara guda. Ranar da aka kira motar kwana-kwana sai ta tsaya a bakin titi, tiyo bai kai ba, sannan a koma ana zagin ma'aikata, wasu marasa kunya har da jifa. Wa ya toshe lungun? Ga kuma ƙarafan da muka dasa a kowace taga saboda ɓarayi, ƙofa ɗaya tak, mukulli a aljihun maigida da ya tafi kasuwa ya kulle mata da yara ta waje. A bar taga ɗaya mai buɗuwa, a aje mukulli inda kowane babba ya sani.

Idan wuta ta riga ta tashi, rai ake fara fitarwa. Hayaƙi yakan kashe kafin harshen wuta ya iso, kuma sama yake bi, don haka a sunkuya a fita, kada a koma ɗauko takardun fili. Wutar lantarki a kashe babban makunni kafin a watsa ruwa. Wutar mai a tukunya a kife ta da murfi. Wutar fetur yashi take so, ruwa yaɗa ta yake yi. A kira 112 ko lambar ofishin kashe gobara mafi kusa nan take, a tura yaro bakin titi ya nuna hanya. Masu ɗaga waya suna ɗaukar hoto alhali bokiti na gabansu, su ji kunya.

Wani zai ce ai ƙaddara ce. Gaskiya ne, babu mai tsere wa abin da Allah ya rubuta. Amma wanda aka ce ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali, ba a ce ya sake shi ba. Wanda ya bar hita a kunne ya ƙona gidan marayun da ke jikin katangarsa, sai ya shirya amsar da zai bayar.

Sauran sanarwa a taƙaice. Asabar ɗin ƙarshen wata ranar tsabtar muhalli ce, a fito a yashe kwata tun yanzu da take bushe, kada a jira damina, kuma kada a cinna wa bola wuta a bar ta da iska. Rijiyoyi da ramukan masai na gidajen da ba a gama ba a rufe su, yara na faɗawa. Masu ba da haya su kai sabon ɗan haya wurin mai unguwa a san shi. Iyaye su daina bai wa yaran da ƙafarsu ba ta kai ƙasa ba babur. Wanda ya ga baƙuwar fuska tana kewaya layi ya sanar da 'yan sintiri ko 'yan sanda, ban da ɗaukar doka a hannu. Kuɗin 'yan sintiri kuma a riƙa biya a kan lokaci, masu manyan gidaje su ne suka fi jan ƙafa, kuma an san su.