Barcin Tsohon Soja Da Hukuncin Sallarsa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, akwai tsofaffin sojoji da suka ajiye bindiga shekaru da dama, amma barci bai komo musu ba. Cikinsu har da waɗanda suka yi yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970, da waɗanda aka kai Laberiya cikin 1990. Mutum ya kwanta, mafarki ya mai da shi bakin daga, ya zabura jiƙe da gumi, ya kwana yana sauraren motsi. Da gari ya waye sai gyangyaɗi, a kasuwa, a wurin gadi, har a cikin sahu. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka sun sanya wannan ciwo cikin jerin cututtuka a 1980, bayan abin da suka gani ga sojojin da suka komo daga yaƙin Biyetnam. Asalinsa kuwa, jiki ne ya saba da zaman ɗarɗar, ya ƙi yarda cewa yaƙi ya ƙare.

Mai karatu ya lura da cewa Alƙur'ani ya haɗa barci da aminci. Cikin Suratul Anfali da Suratu Ali Imrana an ambaci gyangyaɗin da Allah ya saukar wa Musulmi a Badar da Uhudu domin zukatansu su natsu. Abu Ɗalha, Allah ya yarda da shi, ya ba da labari cewa a ranar Uhudu takobinsa ya riƙa faɗuwa daga hannunsa saboda gyangyaɗi. Wanda tsoro bai sake shi ba, ina zai sami barci?

To, sai batun salla, domin nan ne ake yi wa bayin Allahn nan mummunan zato. Soja bai runtsa ba sai gab da asuba, rana ta fito bai tashi ba, maƙwabta su ce ragwanci ne ko raunin imani. Wannan hukunci ne ba da ilmi ba. A kan hanyar komowa daga Haibara, shekara ta 7 bayan hijira, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa Bilal ya yi tsaron alfijir. Barci ya kwashe Bilal, rundunar ba ta farka ba sai da rana ta fito, suka yi sallarsu a lokacin. Saboda haka wanda barci ya rinjaya ba shi da laifi, sai dai ya yi salla da zarar ya farka, kuma ya roƙi wani ya riƙa tashinsa. Haka nan an umurci mai gyangyaɗi cikin salla ya kwanta tukuna, don kada ya rasa sanin abin da yake faɗi.

Game da mugun mafarki, sunna ita ce mutum ya yi tofi sau uku ta hagunsa, ya nemi tsari daga Shaiɗan, ya juya ɗaya gefen, kada ya bi mutane yana ba su labari. Amma gaya wa likita neman magani ne, kuma shari'a ta yi umurni da neman magani. Lalle akwai bukatar likita, domin da yawa daga masu wannan ciwo numfashinsu kan ɗauke cikin barci, su yi minshari mai ƙarfi, su farka ba su huta ba. Ana maganinsa da na'ura mai hura iska ta hanci. Mafarkin kuma akan koya wa mara lafiya ya sāke masa ƙarshe da rana, ya riƙa maimaita sabon a zuciyarsa. Ƙwayoyin sa barci na kemis kuwa, likitoci suna hana masu wannan ciwo su, don suna kama jiki. Giya haramun ce, kuma tana ƙara yanka barci.

Uzurin da shari'a ta ba shi cikin salla bai kai ga tuƙi ba. Tsohon soja da ya san gyangyaɗi yana kwasarsa da rana, bai halatta ya ɗauki fasinja a mota ko babur ba, sai likita ya duba shi.