Kafin Ka Miƙa Wa Yaro Waya

Ɗana, zauna mu yi maganar wayar da kake shirin saya wa yaronka, domin na ji ana ta ba ka shawara iri biyu, wasu suna cewa kada ka kuskura, wasu suna cewa saya masa kawai ai zamaninsu ne, ni kuwa ban ga wanda ya kama maganar ta inda ya kamata ba.

Hana shi ɗungurungum ba zai yiwu ba ko da ka so. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, saboda haka yaron da kake fatan wata rana ya shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, idan bai saba da karanta tambaya a fuskar na'ura ba, zai zauna a ɗakin jarrabawa hannunsa yana rawa, ba don bai yi karatu ba. Malaman boko da na Islamiyya da yawa ta WhatsApp suke tura saƙo yanzu, kuma karatun malamai da tafsirin azumi duk suna cikin wayar nan ga mai nema. Mu a Sakkwato ba mu gaji tsoron ilimi ba, domin Nana Asma'u ƴar Shehu takan ɗora wa mace malafa ta zama jaji, ta tura ta ƙauyuka ta kai wa mata karatu har cikin gidajensu. Duk abin da zai kawo ilimi cikin gida muna maraba da shi.

Abin da ya canza shi ne hanyar da baƙo yake shigowa. Lokacin da muka taso a cikin gari, baƙo yakan tsaya a zaure ya yi sallama, a aiko yaro ya ga ko wane ne, maigida ya fito su gaisa, kuma babu mai wuce zauren nan sai an san shi an san gidansu. Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, da farko ta masu hali ce, yau kuwa daga Mabera har Runjin Sambo da wuya ka shiga gidan da babu Tecno ko itel ko Infinix, kuma ta cikinta mutumin da ba ka taɓa gani ba yake isa har ƙuryar ɗakin ɗanka ba tare da sallama ba. Manhajar kula da yara ƙyaure ne da kake sa wa wannan sabuwar ƙofa. Ka sa shi, ɗana, kada ka yi ƙyuya, amma ka san cewa ƙofa ɗaya kawai ya rufe.

Ga yadda abin yake, domin na ga da yawa daga cikinmu ba su san ma akwai shi ba. Galibin wayoyin da ke hannunmu Android ne, kuma kamfanin Google yana da wata manhaja mai suna Family Link da ya fitar a 2017, kyauta ce ba a biyan ko kwabo. Kana sa ta a wayarka, ka buɗe wa yaron asusu nasa na kansa, ka shigar da shi a tasa wayar, shi ke nan an haɗa su. Daga nan kai ne za ka yanke tsawon lokacin da zai yi a kanta kowace rana, ka sa lokacin da za ta kulle kanta da dare da lokacin da za ta buɗe da safe, duk manhajar da ya nemi saukewa daga Play Store sai tambaya ta zo wayarka ka yarda ko ka ƙi, kana ganin abin da ya fi cinye masa lokaci, kana iya toshe wanda ba ka so, kuma idan wayar tana kunne da data kana iya ganin inda take. Ko ta kulle yana iya amsa kiranka, saboda haka kada ka ji tsoron za ka neme shi ka rasa. Masu iPhone suna da makamancinta a cikin wayar tun 2018, ana ce mata Screen Time. Ƙananan yara akwai YouTube Kids da aka ware musu, TikTok ma tun 2020 ya fitar da hanyar haɗa asusun uba ko uwa da na yaro. Idan abin ya gagare ka, je wurin samarin nan masu gyaran waya a kasuwa su nuna maka, babu kunya a tambaya, amma lambar sirrin ka sa ta da hannunka, kuma kada ta zama shekarar haihuwarka ko ƙarshen lambar wayarka, domin yaro ya san waɗannan tun kafin ka zauna.

Sai dai duk wannan aiki a kan abu ɗaya ya tsaya, wato gaskiyar shekarun yaro. Facebook da Instagram da TikTok duk ƙa'idarsu ita ce sai mai shekara 13 zuwa sama, abin da ya samo asali daga wata dokar Amurka ta 1998, kuma kariyar da suke sa wa matasa, kamar iyakar minti 60 a rana da TikTok ya sa wa ƴan ƙasa da 18 a 2023, ba ta aiki sai idan sun san yaro ne. To mu me muke yi? Yaro ɗan shekara goma ya kawo waya, yayansa ko mai shago ya rubuta masa shekarun magidanci don a gama da wuri, daga ranar kuwa duk abin da ake nuna wa magidanci shi ma za a nuna masa. Wannan ƴar ƙaryar da muke ganin ba komai ba ce, ita ce take rushe sauran. Ƙasar Ostireliya ta kai ga yin doka a ƙarshen 2024 da ta hana ƴan ƙasa da shekara 16 riƙe asusu a manyan dandalan nan, ta fara aiki a Disamban 2025. Mu ba mu kai nan ba, amma dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ce sai da yardar iyaye za a sarrafa bayanan yaro, jiharmu ma ta samu dokar kare yara a 2021 zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal. Kuma ka tuna, layin da za ka sa a wayar nan da sunanka da lambarka ta NIN za a yi rajistarsa, saboda haka duk abin da aka aikata da shi ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa.

Yanzu bari in gaya maka abin da manhajar ba ta gani, domin nan ne iyaye suke sakin jiki su yi barci. Ka taɓa tsayawa a rumfar mai turi bayan la'asar? Benci ne da tebur, kwamfuta ɗaya ta sha ƙura, wayoyi jere a kan caji kowace an manna mata ƴar takarda, yara sun yi cincirindo kowa da memori a tafin hannu ko a ƙulle cikin leda. Wannan ya ce a sa masa fassarar Indiya, wancan ya ce wasan Hausa na wannan mako, wani kuma ya matso kusa da kunnen mai shagon ya yi magana ƙasa-ƙasa. Da yawa daga cikin masu sana'ar nan mutanen kirki ne masu neman halal, suna korar yaro idan ya nemi abin banza, amma ba duka ba. Abin da aka zuba a memori bai bi ta intanet ba, saboda haka babu matatar da za ta tare shi. Kana iya toshe Xender, manhajar da suke tura wa juna irin waɗannan abubuwa da ita, a wayar ɗanka, amma ba ka da iko da wayar abokinsa da suke leƙawa su biyar a bayan aji. Haka kuma Family Link ba ta karanta hirar WhatsApp, za ta gaya maka ya yi awa biyu a ciki, ba za ta gaya maka da wa ba. Su kansu masu manhajar sun faɗa cewa matatarsu ba ta tare komai da komai, balle batsar da aka yi da Hausa cikin habaici da zaurance, wadda sai ɗan gida yake gane ta.

Ke kuma uwar yara, Allah ya saka miki da alheri, wannan ɓangaren naki ne, domin wayar farko da yawancin yaranmu suke riƙewa ta uwa ce. Kina tuƙin tuwo, na goye yana kuka, ɗan shekara huɗu yana jan zanenki, sai ki kunna masa waƙar yara ki miƙa masa don ki samu ki sauke tukunya. Babu mai ganin laifinki, aikin gida ba wasa ba ne. Amma bidiyon nan idan ya ƙare wani ne yake biyo shi da kansa, wani ya biyo wani, kuma wayar ba ta san hannun ya canza ba, tana ɗauka ke ce. Saboda haka ki sa YouTube Kids ki riƙa buɗe masa ita kaɗai, ki kashe abin nan da yake sa bidiyo ya ci gaba da kansa, ki sa wa WhatsApp ɗinki da wurin hotuna makulli, domin abin da ƙawaye suke turowa a guruf ɗin biki ba duka ne ya dace da idon yaro ba.

Ɗana, akwai abin da nake roƙonka da girman Allah: kada ka yi wannan aiki a ɓoye. Za ka ji ana tallar wasu manhajoji da ake dasawa a wayar mutum bai sani ba, suna kwaso maka duk saƙonninsa. Ka nisance su. Ba ka san hannun wa sirrin gidanka zai faɗa ba, kuma addininmu a Suratul Hujurati ya hana bin diddigin asirin mutane. Kula da ƙaramin yaro haƙƙi ne a wuyanka, amma ka yi shi ido da ido. Ka zaunar da shi ranar da wayar ta zo, ka nuna masa abin da kake iya gani da abin da ba ka iya gani, ka gaya masa dalili, ku yi ciniki a kan lokaci, idan ya roƙi ƙarin rabin awa ranar Alhamis da daddare ko lokacin hutu ka ƙara masa, domin dokar da yaro ya sa baki a cikinta ya fi riƙe ta. Zai yi fushi, zai ce abokansa babu wanda aka yi wa haka. Ka yi haƙuri da fushin, yana wucewa. Wanda ba ya wucewa da sauri shi ne na yaron da ya gano da kansa cewa ubansa ya daɗe yana laɓe yana karanta masa saƙo, domin irin wannan yaron waya ta biyu yake nema ya ɓoye a gidan abokinsa, daga nan kuwa ka daina ganin komai. Kuma yadda yake girma haka za ka riƙa sassautawa, domin ranar da zai tafi makaranta ba za ka bi shi da lambar sirri ba.

Dare kuma ka ba shi muhimmanci fiye da rana. Kamfanonin waya suna sayar da datar dare da araha, yara sun fi mu sanin wannan, kuma a watannin zafi da kowa yake kwana a tsakar gida za ka ga haske yana motsi a cikin gidan sauro har kusan asalatu, gobe yaro ya kasa tashi sallah ya je aji yana gyangyaɗi. Ku sa wuri ɗaya da wayoyin gida suke kwana a kan caji bayan isha'i. Na ce wayoyin gida, har da taka in ba ta lalura ba, domin yaron da yake ganin ubansa yana latsa waya ana cin abinci, yana amsa gaisuwar matarsa bai ɗago kai ba, da wuya ya ɗauki maganarka da nauyi.

Abin da ya fi hana ni barci shi ne masu farautar yara. Akwai cacar ƙwallo ta waya wadda doka ta hana wa ƴan ƙasa da 18, amma yaro yakan shiga da sunan yayansa, ya fara da kuɗin tara ya ƙare da taɓa na cefane. Akwai kuma wanda ya fi wannan muni. Wani zai zo da hoton yarinya kyakkyawa ko na saurayi mai fara'a, ya yi ta hira da yabo har a saba, sannan ya nemi hoton da bai kamata ba, yana samu sai murya ta canza: a turo kuɗi ko a watsa wa ƴan'uwa da ƴan makaranta. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta ya sanar da rufe asusun Instagram kusan 63,000 a Nijeriya saboda wannan sana'a. Makamin mutanen nan kunya ce, kuma a garin da mutuncin gida ya fi dukiya daraja, yarinya za ta iya shafe watanni tana ramewa ba ta faɗa wa kowa ba, domin tana ganin abin da zai same ta a gida ya fi wanda take ciki.

Saboda haka tun kafin komai ya faru ka gaya wa ƴaƴanka, maza da mata, da bakinka, kuma ka maimaita: duk wanda ya tsorata ku a waya, ko me kuka riga kuka yi, ku zo wurina ko wurin innarku, ba zan fara da duka ba. Idan ranar ta zo, Allah ya kiyaye, ka cika alkawarin nan ko zuciyarka tana tafasa. Ka zaunar da yaron ka ba shi ruwa ya sha. Kada ka biya ko sisi, domin wanda aka biya sau ɗaya yakan dawo. Kada ka goge saƙonnin cikin fushi, ka ɗauki hotonsu da lambar da sunan asusun, sannan ka toshe shi ka kai ƙara ta cikin manhajar. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci a kan irin wannan, kuma hukumar NAPTIP tana da ofishi a nan Sakkwato, ga ƴan sanda, ka je da shaidarka a hannu. Faɗa da gyaran tarbiyya su jira sai hankalin yaron ya kwanta, kuma maganar ta tsaya tsakaninka da mahaifiyarsa da hukuma, ko ƴan'uwanka na jini ba sai sun ji ba.