Fenti da Gam da Ruwan Roba Masu Jinkirta Gobara

Tun a aji ɗaya an koya mana cewa wuta ba ta ci sai abu uku sun haɗu, wato abin ƙonewa da zafi da iskar oksijin. In an raba ta da ɗaya daga ciki, sai ta mutu. Kan wannan ƙa'ida masana'antu ke sarrafa sinadaran da ake zubawa cikin fenti da gam da ruwan roba don kada wuta ta kama kaya da wuri. Mu lura, jinkirtawa muka ce. Babu fentin da zai hana gida ƙonewa ƙurmus in wuta ta daɗe tana ci. Aikinsa shi ne ya ba mutanen ciki 'yan mintocin da za su fita.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1735 wani Bature a Ingila, Obadiah Wyld, ya sami takardar mallakar wani haɗi na jiƙa tufa da takarda, a ciki har da alif, wannan dai da muke tace ruwa da shi. A 1821 kuma masanin Faransa Gay-Lussac ya nuna cewa gishirin amoniyam fosfet na rage kamun wuta ga labulen gidajen wasan kwaikwayo.

Bari mu ɗan tsaya kan fenti, gama nan abin mamakin yake. Da yawanmu muna zaton ginin ƙarfe ba ruwansa da gobara. Gaskiya ne ƙarfen gini ba ya kamawa da wuta, amma in zafi ya kai wajen digiri 550 na Salshiyas, sai ya rasa kusan rabin ƙarfinsa, ya lanƙwashe, rufi ya rufto. Saboda haka a matatun mai da manyan benaye ana shafa wa ginshiƙan ƙarfe wani fenti mai kumbura. Da ido ba a bambanta shi da fenti na kullum. Amma da zafi ya haura digiri 200, sai sinadarai uku da ke cikinsa su shiga aiki. Na farko ya saki asid, asid ɗin ya mai da na biyu gawayi, na uku kuwa ya fitar da iska wadda ke hura gawayin kamar yadda yis ke tayar da kwaɓin burodi. Kaurin fentin na iya ninkawa har sau 50. Wannan kumfar gawayi ita ke tare zafi, kuma ana auna ingancinta da lokaci: minti 30, ko 60, ko 120. In ɗan kwangila ya yi ƙwauron shafi don ya rage kuɗi, mintocin nan ya yanke, ba kuwa wanda zai sani sai ranar gobara.

Ruwan roba shi ne farin ruwan nan mai kama da madara da ake tatsa daga itacen roba a jihohin Edo da Delta da Kuros Riba, akwai kuma na masana'anta. Da shi ake liƙe bayan kafet don kada zare ya zare. Matsalar ita ce roba na ci da wuta sosai. Sai ake cuɗa ta da wani farin gari, aluminiyam haidiroksaid, wanda in zafi ya kai wajen digiri 200 yakan saki ruwa kimanin kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa. Kafet ke nan da ke ɗauke da ruwan kashe wutarsa a ɓoye! Wata robar kuma, niyofirin, wadda kamfanin DuPont ya fitar a 1931, kilorin da ke jikinta ya sa ba ta saurin kamawa, shi ya sa ake rufe wayoyin lantarki da ita.

Sha'anin gam yana da ɗan ruɗani. Gam ɗin da masu takalma da masu kujeru ke amfani da shi sau da yawa niyofirin ne, amma an narkar da shi cikin ruwa mai kama da fetur, kuma tiririn nan nasa mai ƙarfin wari ashana ɗaya ta ishe shi. Haɗarin yana nan tun gam bai bushe ba. Don haka ne masana'antun kayan ɗaki da na motoci da yawa suka koma ga gam na ruwan roba, wanda ruwa zalla ke tashi daga cikinsa in yana bushewa.

Sai dai ba kowane magani ne ya zo da alheri ba. A 1977 Amurka ta hana sa wani sinadari mai suna Tris a kayan barcin yara, bayan an gano yana iya haddasa ciwon daji. Wasu sinadaran buromin da aka daɗe ana zubawa cikin soson kujeru, waɗanda ake kira PBDE, an tarar ba sa ruɓewa, suna taruwa cikin ƙurar ɗaki da kifi har da nonon uwa. Yarjejeniyar Istokholm ta haramta iri biyu daga cikinsu a 2009, ta ƙara na uku a 2017. Amma tsofaffin kujeru da kayan lantarki da aka ƙera kafin nan ba su ɓace ba, wasunsu ma suna shigowa kasuwanninmu cikin kayan gwanjo, kuma yaran da ke ƙona robar wayoyi a bola don su ciro jan ƙarfe suna shaƙar hayaƙinsu.