Darasi Ga 'Yan Kasuwa: Wace A-kori-kura Ta Dace Da Kayanka?

Darasinmu na wagga fitowa ya taso ne daga wata gardama da anka yi a majalisarmu ta Ƙofar Atiku. Wani maƙwabcinmu mai sayar da hatsi ya tara 'yan kuɗɗinsa, shina son sayen a-kori-kura don ya huta da jiran motar haya. Wasu sunka ce ya sayi Hilux, wasu sunka ce Hijet ta ishe shi. Wani dattijo kuwa ya ce tun da anka bar yin Fijo ba a ƙara yin mota ba. Kowa ya kira sunan mota, amma ba wanda ya tambaye shi buhu nawa yake ɗauka a rana. To, nan ya kamata a soma.

Da farko a san mi ake nufi in an ce inji lita kaza ne. Ba tankin mai ake nufi ba. Girman cikin silindodin inji ne, inda mai ke ƙonewa. In wurin ya yi faɗi, mota ta yi ƙarfi, ta kuma ƙara shan mai. Fijo 404 da dattijon nan ke yabo, wadda anka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna da ta soma aiki a 1975, injinta lita 1.6 ne kacal, amma ita da ƙanwarta 504 sun daɗe suna jigilar kayan ƙauyukanmu. Ka ga ashe girman inji ba shi ne duka magana ba.

Ƙanana su ne irin Daihatsu Hijet da Suzuki Carry. Dokar Japan, inda anka ƙera su, ta tsaida injinsu kada ya wuce lita 0.66, kayansu kuma kilo 350, har akan rubuta wanga adadi a ƙyauren baya. Watau buhun siminti 7 ke nan irin na Kalambaina mai kilo 50, ko buhun gero 3 da rabi in mun ɗauki buhu a kan kilo 100. I, mun sani ana labta musu ninkin wannan, muna gani kullum a hanyar Kara. Amma a tambayi bakanike sau nawa yake canza musu sifirin da kuloci. Birkinsu ma ba don wanga nauyi anka yi shi ba. Amfaninsu shi ne suna shiga lungunan cikin gari inda babbar mota ba ta iya juyawa.

Matsakaita su ne Toyota Hilux da ire-irenta, masu ɗaukar wajen tan guda, watau gero buhu 10 ko siminti 20. Sai a lura, direba da yaran mota duk cikin lissafin suke. Mai ƙofa huɗu, wadda samari ke so, bodinta wajen mita ɗaya da rabi ne, na mai ƙofa biyu kuwa ya haura mita 2. In ka zuba mutum biyar a gaba, ka riga ka cinye nauyin buhu uku kafin a ɗora komi. Mai neman abinci da kaya, ƙofa biyu ta fi masa. In kaya sun zarce tan guda, an bar zancen a-kori-kura, sai Kanta.

Yanzu ga lissafin da ya fi komi muhimmanci, musamman tun da anka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023. Kada ka tambayi lita nawa mota ke sha. Tambayi lita nawa kowane buhu ke sha. Daga Sakkwato zuwa Illela da dawowa wajen kilomita 170 ne. A ce ƙaramar mota tana yin kilomita 14 da lita guda, ta sha lita 12 ke nan. A ce babbar tana yin kilomita 8, ta sha lita 21. Mai gaggawa sai ya ce ƙaramar ta fi arha. Tsaya tukuna. Ƙaramar ta kai buhu 3, kowane buhu ya ci lita 4. Babbar ta kai buhu 10, kowane ya ci lita 2 da 'yan kai. Amma in buhu 3 ɗin nan kaɗai gare ka, ka ɗora su a babbar, kowane buhu ya ci lita 7, riba ta bi iska. Waɗanga adadi misali ne. Kai ka auna naka: cika tanki, rubuta lambar tafiya, ka je ka dawo, ka sake cikawa, ka raba.

Saboda haka ana sayen mota gwargwadon kayan kullum. Mutane da yawa suna tuna lokacin da albasar Goronyo da Wurno ke fitowa, su sayi babba, alhali kuwa watanni ƙalilan ne, sauran shekara mota na yawo da buhu biyu. Ranar da kaya sunka yi yawa, a ɗauki shatar Kanta, ya fi sauƙi ƙwarai.

Sai fetur ko gas. Hilux ta zamani akwai mai fetur lita 2.7, akwai mai gas lita 2.4 da 2.8. Injin gas ya fi jan nauyi, ya kuma fi tsimin mai a doguwar hanya. Amma a ƙasarmu gas ya saba fin fetur tsada, kuma sababbin injinan ba su jure gurɓataccen mai, in nozul ya lalace kuɗɗin gyara sai ka dafe kai. A ganina, mai zirga-zirga tsakanin Babbar Kasuwa da Achida ko Boɗinga ya tsaya ga fetur, don kowane bakanike ya san shi. Mai ja da ƙafa huɗu kuwa, in ba kana shiga fadama ko rairayi da damina ba, ƙarin nauyi ne da ƙarin gyara. Manyan na Amurka irin Tundra mai lita 5.7, waɗanga ba na ɗan kasuwar hatsi ba ne, mu wuce.

In za ka sayi 'yar Kwatano, tafi da bakanikenka, ba na mai sayarwa ba. Ya duba lagireto da kyau, don zafin Afrilu da Mayu a nan yana haura awo 40, ƙaramin inji da lodi shi ke fara tafasa. Ya leƙa ƙarƙashi ya ga ko an taɓa walda ƙashin motar. Ƙananan nan na Japan kuma da sitiyari a dama suke fitowa, mu kuwa tun 1972 munka koma tuƙi a hannun dama, shi ya sa ake juya musu sitiyari zuwa hagu. Wurin juyin nan shi za a fi dubawa, don aikin wasu ba shi da kyau.

Maƙwabcin namu dai mun ba shi littafi, ya rubuta kayansa na wata guda. Sau biyu kaɗai ya wuce buhu 3, duka ranar kasuwar Achida. Ya ce zai nemi ƙarama. Dattijon nan har yanzu bai yarda ba.