Darasi Daga Rayuwar Hajiya Bilkisu Yusuf

Darasinmu na wannan fitowa a kan wata baiwar Allah ne da ta riƙe alƙalami a lokacin da ake ganin aikin jarida na maza ne zalla, wato Hajiya Bilkisu Yusuf.

An haife ta a Kano a 1952. Ta karanta kimiyyar siyasa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta ƙaro ilimi a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, sannan ta koyo aikin jarida a Mosko. Ta zama editar Sunday Triumph a Kano, a 1987 ta koma kujerar editan New Nigerian a Kaduna, daga baya ta shiga sahun waɗanda suka fito da mujallar Citizen a 1990.

To, mene ne aikin edita? Shi ne mai tsaron ƙofa. Duk labarin da wakili ya kawo sai ya tambaya: wa ya faɗa? An ji ta bakin ɗaya ɓangaren? In an buga ƙarya, shi za a maka a kotu, in kuma gaskiyar ta sosa wa masu mulki rai, kujerarsa ce ke rawa. Ki tuna fa, zamanin mulkin soja ne, kuma jaridun biyu na gwamnati ne. A ganina wannan ya fi digirorin nauyi. Mu da ke tura duk abin da ya faɗo waya ba tare da tantancewa ba, sai mu ji kunya.

Ba ta tsaya a ofis ba. Tana cikin matan da suka kafa FOMWAN a 1985, ta kuma daɗe tana rubutu kan karatun 'ya mace da mutuwar mata wajen haihuwa. Ita sai da ta je Zariya, ke kuwa uwargida ta Jega ko Maiyama, tun 2006 jami'a ta zo miki har Aliero. Wace hujja ta rage ta zaunar da yarinya bayan sakandare?

Allah Ya karɓi ranta a turmutsutsun Mina ranar 24 ga Satumba, 2015. A wannan hatsarin ne mutanen Jega suka rasa ɗansu, Mai Shari'a Abdulƙadir Jega na Kotun Ɗaukaka Ƙara. Allah Ya jiƙansu da rahama, amin.